Sunan Suruki a Kan Kujerar Wankan Jego

Daga: Mutari Dikko, masassaƙi kuma kafinta, mamba mai lamba 17 a Atiliyen Haɗin Gwiwar Masu Aikin Katako «Sabon Gizago», mazaunin Kwaya.

Zuwa ga: Mai Girma Perefe, shugaban gundumar Magariya.

Kwaya, Litinin 6 ga Oktoba, 2025.

Game da: ƙorafi a kan Mushe (wato Malam) Sirajo, mai kula da injin sassaƙa na atiliyen «Sabon Gizago» da ke Magariya, bisa abin da ya sa injin ya rubuta a kan wata kujerar wanka, tare da roƙon a hana shafe shaida kafin 15 ga wannan wata.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatan ofishinka, da addu'ar Allah ya sa mu ga ƙarshen kaka cikin rufin asiri, mai ƙorafi, wanda sunansa ke sama, yana neman izini ya gabatar da damuwarsa. Ya rubuta da Hausa saboda Faransancinsa a aji uku ya tsaya, kuma ko a can ɗin ma a gajiye ya isa. An shawarce shi ya riƙa kiran kansa «mai ƙorafi» maimakon «ni», wai ya fi kama da takardar ofis. Ya karɓi shawarar hannu biyu, domin akwai abubuwa a cikin wannan takarda da mutum zai fi so a ce da wani suka faru.

1. Mai ƙorafi ɗan shekara hamsin da uku ne. Sassaƙa gado ce gare shi: kakansa turmi da akushi, mahaifinsa turmi da kujerun mata. Da aka zo kansa sai ya tarar roba da kwanon silba sun riga shi shiga gidajen mutane. Ya duba ya ga wuri ɗaya ya rage inda ba mai gasa da shi, wato makewayi. Shekara goma sha tara ke nan yana yin kayan wanka na katako: kujerar zama mai hanyar ruwa, matakin ƙafa don kada mutum ya gama wanka ya taka taɓo, mazubin sabulu mai kwari-kwari don kada sabulu ya kwanta cikin ruwa ya narke, mazaunin buta, da maratayin soso da zane. Daga Kwaya har Magariya Sarkin Makewayi ake ce masa. Da farko yana ɓata rai. Daga baya ya lura sarauta ce da ba wanda ya taɓa yunƙurin ƙwace masa, sai ya riƙe abarsa.

2. A watan Fabrairu na 2024 wani puroje na tallafi ya kawo wa atiliyen, wato masassaƙar mambobi, injin sassaƙa mai aiki da ordinater, abin da wasu ke ce wa kwamfuta. Tebur ne mai faɗin ƙofar zaure, da haƙorin ƙarfe mai juyawa yana yawo a kan katako shi kaɗai, yana bin abin da aka zana masa. Aka ɗauki mambobi goma aka ba su horo na kwana goma sha biyu, har da mai ƙorafi, aka ba kowa sartifika mai hatimi. Gaskiyar da bai taɓa faɗa wa kowa ba sai yau ita ce, a cikin kwanakin nan goma sha biyu abu ɗaya ya shiga kansa: inda jan maɓallin kashe injin yake. Saura duk ya bi iska.

Tsarin aiki kuwa shi ne, mamba ya kawo katako ya faɗi abin da yake so, Mushe Sirajo ya zana a ordinater, mamba ya duba ya sa hannu a takarda, sannan inji ya ci. Akwai kuma doka: ana sassaƙa sunan mai katako, ɗan ƙanƙani, a ƙarƙashin kowane abu, don kada kayan mutane su cakuɗe. A ƙarƙashi, ranka ya daɗe. Mai ƙorafi yana roƙon a riƙe wannan kalma. Ba ya kuma ƙarar injin. Mazubin sabulun da yake yini a kansa da gizago, injin kan fitar da shi kafin shayi na biyu ya nuna, kwarinsa a jere kamar kunyar gona. Inji bai da laifi. Inji bai san suruki ba.

3. Domin adalci, mai ƙorafi zai fara da nasa laifin. Ranar Laraba 14 ga Mayu, 2025, baƙin puroje sun zo daga Damagaram ganin aiki. Mushe Sirajo ya ɗora wani tsohon katakon ƙofa zai nuna musu gwaninta. Mai ƙorafi ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa ya ji amonsa, ya ce akwai ƙusa a ciki. Mushe Sirajo ya amsa a gaban kowa cewa ordinater bai faɗi haka ba, kuma zamanin sauraren katako ya wuce. Inji ya tashi, haƙori ya gamu da ƙusa, ya karye, guntun ya yi tsalle ya huda gorar ruwan babban baƙo, ruwan ya sauka a kan wandonsa a wurin da ya fi kowane wuri rashin dacewa. Kowa ya danne dariyarsa. Mai ƙorafi bai danne ba. Bai kuma tsaya nan ba: ya ba da labarin a kowace fada daga tashar Magariya har bakin kasuwar Kwaya, yana kwaikwayon ƙarar injin da bakinsa, har wata uku. Ya yarda wata ɗaya ma da ya isa. Ya ambaci wannan ne don hukuma ta san abin da ya biyo baya yana da tushe.

4. Mai ƙorafi yana da 'yar fari. Shekararta ashirin da biyu, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda iyayenmu suka yi da nasu na fari. Tun da takardar hukuma ce, zai rubuta shi sau ɗaya: Lubabatu. Daga nan zai ce mai jego.

Tana auren Hashim, ɗan Alhaji Alkasim na Guci, wanda aka fi sani da Maikano, falken gyaɗa. Aure ne na lafiya. Shekara biyu tana gidan, ba a taɓa jin sunan surukinta a bakinta ba. Baba take ce masa. Ko birnin Kano ba ta iya ambata saboda laƙabinsa. In za ta yi zancen atamfar da aka sayo can, sai ta ce an sayo ta a birnin su Baba. Irin tarbiyyar da uwarta Ɗela ta ba ta ke nan, kuma ita ce kawai dukiyar da gidan mai ƙorafi ya taɓa tarawa.

Da ta dawo gida goyon ciki, Alhaji, saboda murna da kuma girmama sana'ar surukinsa, ya aiko da guntun kirya. Itace ne da iska ta kayar a gonar mahaifinsa tun daminar bara, ya bushe sarai, da takardar jami'an gandun daji a kansa. Ya ce a yi wa yarinya kayan wankan jego da shi. Ranar Litinin 11 ga Agusta mai ƙorafi ya kai katakon atiliye a amalanke. Tun da takardar da sunan Alhaji take, da sunansa aka rubuta katakon. Mushe Sirajo ya tambayi na wa za a yi wa, mai ƙorafi ya bayyana masa komai, dalla-dalla, yana washe baki.

5. Ranar Litinin 18 ga Agusta aka kira shi ya duba zane. Mai ƙorafi ya kai shekara huɗu yana bukatar tabarau, yana musu. Abin da ya gani a gilashin ordinater wani kyakkyawan hazo ne mai kama da ganye. Mushe Sirajo ya ce ya ƙawata masa hanyoyin ruwan kujerar da zanen rassan tsamiya, tun da aikin gida ne, ya kuma tambaye shi cikin ladabi ko a ƙara masa girman hoton, ko kuwa idon gwani ya riga ya gani. Akwai mutum biyar a wurin. Mai ƙorafi ya ce idon gwani ya gani. Ya sa hannu.

6. Kayan sun fito ranar 25 ga Agusta, kuma ko maƙiyi ya gan su sai ya tsaya. Hashim ya zo da babur ya taya ɗauka. A bakin kasuwar Kwaya jama'a suka taru suna shafa kujerar, wani ya tambaya wa ya yi wannan zane. Mai ƙorafi, a gaban mijin 'yarsa, ya ce shi ya zana da hannunsa a ordinater, layi bayan layi, ba wanda ya taɓa masa, Sirajo maɓalli kawai ya danna. Har ya ƙara da cewa kowane lanƙwasa a kan kujerar nan yana da ma'ana, sai mai ilimi. Allah ya sani ba ya nufin komai. Baki ne ya sami fili.

7. An haihu ranar Talata 9 ga Satumba, namiji. Ranar suna aka raɗa masa Alkasim, sunan kakansa. Sunan ya zama nauyi biyu ke nan a kan mai jego: na suruki, kuma na ɗan fari. Aka shiga wanka yadda aka saba, safe da yamma, tafasasshen ruwa da ganye, Ɗela na yi mata, ita kuwa tana zaune a kan kujerar kirya. Ɗela takan ga shatin kujerar ya fito a jikin 'yarta idan ta tashi, ta ɗauka ado ne, don ba ta yi boko ba. Mai jego ta yi lakol, ta iya karatu, ta kuma sha kallon kujerar, amma rassa kawai ta gani, saboda dalilin da zai zo.

Ranar Lahadi 21 ga Satumba, Hajiya Falmata, ƙanwar Alhaji, ta zo daga Guci da kanwa da yaji da ƙafar saniya. Ta karɓi ganye daga hannun Ɗela don ta sa albarka a wankan yamma. Hajiya Falmata ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyar da 'yan aji ɗaya, kuma har yau ba ta iya ganin rubutu ta bar shi bai fita daga bakinta ba. Mai jego ta miƙe za ta ɗauki zane. Hajiya ta duba, ta gyara tabarau, ta karanta da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, kamar mai nuna allo da sanda: cikakken sunan yayanta, da Alhajinsa da laƙabinsa, layi biyu, rabi a dama rabi a hagu, a wurin da ladabi ya hana mai ƙorafi ya rubuta wa Mai Girma Perefe.

Makewayin gidan mai ƙorafi da zana aka kewaye shi. Maƙwabta uku sun ji.

Abin da aka yi shi ne: hanyoyin ruwan da ke saman kujerar haruffa ne, aka rubuta su a juye, kamar na hatimi, aka lulluɓe su da zanen ganye. A kan katako ba sa karantuwa. Sai an zauna, da zafi da laima, sannan su fito daidai. Kwana goma sha biyu, safe da yamma, yarinyar da ba ta iya cewa Kano tana zaune a kan sunan surukinta da na ɗanta, tana tashi da shi.

8. Mai ƙorafi bai yarda da maganar Hajiya haka nan ba. Washegari, Litinin 22, ya rufe kansa a makewayi, ya kwara wa kujerar ruwan zafi, ya zauna rubu'in awa. Ya duba da madubin Ɗela ya ga ba abin da ke karantuwa, ya yi hamdala, har ya fara shirya maganar da zai aika wa Hajiya. Sai ya tuna madubi ma juya abu yake yi. Ya ciro madubin babur ya haɗa biyu. Ranka ya daɗe, mutum ɗan shekara hamsin da uku, mai furfura, mai sartifika, ya tsaya a murɗe kamar igiyar guga yana karanta sunan surukinsa a jikinsa. Da ya fito ya ba Ɗela rahoto, ta dube shi ta ce ai da ya danna kujerar a kan ɗanyen yumɓu da ya ga abu ɗaya, da wandonsa a jikinsa. Yumɓun da ke tare da wannan takarda shawararta ce. A ranar ya je Magariya ya yanki tabarau.

9. Ranar Laraba 24 ya tafi Guci ba da haƙuri. Aka bar shi a zaure tun hantsi har la'asar, ba ruwa. Da Alhaji ya fito bai ba shi hannu ba, bai kuma ce masa suruki ba; Sarkin Makewayi ya kira shi, yana kallon carbinsa. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya san abin da ake nufi idan an rubuta sunan mutum a juye, a kan itacen gonar ubansa, aka sa mace ta zauna a kai safe da yamma da ruwan zafi da ganye har kwana arba'in. Ya ce so ake a danne shi, ya zama laushi, rumbunsa da shagonsa su koma hannun matar ɗansa. Ya ce tun ranar suna gwiwarsa ke ciwo. Mai ƙorafi ya san gwiwar nan tun kafin a yi baiko tana ciwo, amma bai ga fuskar tunatarwa ba.

Ya rantse ba shi ya zana ba. Alhaji ya sa aka kira Hashim, ya ce ya maimaita abin da ya ji a kasuwar Kwaya. Yaron kirki ne, ba ya ƙarya. Ya sunkuyar da kai ya maimaita, har da zancen kowane lanƙwasa yana da ma'ana, yana faɗa hawaye na zuba masa.

Hukuncin Alhaji ga shi. Arba'in za ta cika ranar Lahadi 19 ga Oktoba. In mai ƙorafi ne ya zana, kamar yadda ya faɗa da bakinsa, ba wanda zai zo ɗaukar mai jego, takarda ce za ta zo, kuma idan an yaye yaro a kawo musu abinsu. In kuwa ba shi ba ne, to wanda ya zana ya zo zauren nan ya faɗa, da shaidar hukuma. Ya ce maƙaryacin suruki ana iya zama da shi, kowane gida na da irinsa. Boka ne ba a zama da shi.

10. Ranar Alhamis 25 mai ƙorafi ya sami Mushe Sirajo a atiliye, ƙafa kan tebur, yana ɓarar gyaɗa. Mushe Sirajo ya tarbe shi, yana kiransa Injiniya. Ya ciro takardar 18 ga Agusta ya nuna masa sa hannunsa, ya yaba kyansa. Ya ce duk Kwaya ta san Injiniya ne ya zana da kansa, shi kuwa maɓalli kawai ya danna, wane shi da zai ci guminsa. Ya ce in akwai abin da ba a gane ba, a ƙwanƙwasa kujerar mana a saurara, tun da akwai masu jin maganar katako. Daga ƙarshe ya sanar da shi, kamar mai ba da labarin ruwan sama, cewa ranar Laraba 15 ga Oktoba wani gwani zai zo daga Damagaram ya wanke ƙwaƙwalwar ordinater tas, wai ya yi nauyi.

Mai ƙorafi yana riƙe da gizagon mahaifinsa a cikin jaka a lokacin. Yana so a rubuta cewa a cikin jakar ya bar shi.

11. Idan Mushe Sirajo ya ce kuskure ne, mai ƙorafi yana roƙon a ƙirga kurakuran. Malama Karima, mamba mai lamba 6, wadda ke sassaƙa wa ƙungiyoyin mata mazubin sarrafa sabulu, kuma wadda ta saurara a lokacin horo, ta bayyana masa cewa sai an yi abu huɗu. A ɗauko sunan daga ƙarƙashi a kawo shi sama. A ƙara masa girma har ya cika mazauni. A juya shi, kamar yadda take juya sunan ƙungiya don ya fito daidai a jikin sabulu. Sannan a zauna a saƙa masa ganye harafi bayan harafi, aikin da ta ce ba zai kasa awa uku ba. Mai ƙorafi ya yi kurakurai da yawa a rayuwarsa, wasu suna cikin wannan takarda, amma bai taɓa yin kuskuren da ya ɗauki awa uku yana yi masa ado ba. Ta kuma ce ordinater yana ajiye rana da sa'ar kowane canji. Duk makon da aka yi wannan zane mai ƙorafi yana Kwaya yana noman gyaɗa, da shaidu. Ta yarda ta buɗe, amma sai da umarnin hukuma, don ita ma a injin nan take cin abinci.

12. An kai maganar gaban kwamitin atiliye ranar Litinin 29 ga Satumba. Shugaba ya nemi a sake bayanin madubi biyun. Aka sake. Ya nemi a sake. Aka tashi taro ba a yanke komai ba, saboda ma'aji ya sarƙe.

13. Halin da ake ciki a gida. Mai jego ba ta fito tsakar gida ba tun ranar da Hajiya Falmata ta yi karatun. Wanka sai a kan dutse, irin wanda kakanninta suka yi, a gidan Sarkin Makewayi. Ba ta yi wa mahaifinta maganar ba ko sau ɗaya. Idan ya shigo takan durƙusa ta gaishe shi kamar kullum, ta tambaye shi gajiya. Da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Hashim yakan zo har bakin gari ya tsaya da babur a ƙarƙashin gawo, ya aiko da nama, ya juya. Yau saura kwana goma sha uku.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, mai ƙorafi yana roƙon Mai Girma Perefe:

Na farko, ya sa a rufe ordinater ɗin atiliye da hatimin hukuma kafin 15 ga wata, kada gwanin Damagaram ya wanke abin da ba ruwa ne zai wanke shi ba.

Na biyu, a sa Malama Karima ta buɗe zanen a gaban shaidu, a buga shi a takarda da ranarsa da sa'arsa.

Na uku, kuma wannan ya fi masa ciwo, hukuma ta ba shi takarda mai hatimi da ke tabbatar da cewa Mutari Dikko bai iya zana ko da'ira a ordinater ba, bai taɓa iyawa ba, kuma abin da ya faɗa a kasuwar Kwaya ranar 25 ga Agusta ƙarya ce tsagwaronta. A aika kwafi ga takwaranka na Dungas, tun da Guci a ƙasarsa take. Mutane na zuwa ofishinka neman shaidar kirki. Mai ƙorafi shaidar ƙarya yake nema, kuma a shirye yake a jarraba shi a gaban injin a bainar jama'a. Yana da tabbacin zai faɗi.

Na huɗu, a tasa ƙeyar Mushe Sirajo zuwa Guci kafin 19 ga wata, ranar kasuwa in da hali, ya ɗauki kujerar a ka daga tasha har ƙofar Alhaji, a ƙasa, ba kabu-kabu, ya faɗi abin da ya yi da bakin da ya ɓari gyaɗa da shi. Idan an bar shi a zaure tun hantsi har la'asar ba ruwa, mai ƙorafi ba zai shigar da ƙorafi na biyu ba.

Na biyar, a raba shi da injin. A ba shi tsintsiya. Atiliyen yana tara dusar katako da yawa, kuma aiki ne da ba a juya shi.

Na shida. Mai ƙorafi ya sami labarin matar Mushe Sirajo tana da tsohon ciki, ya kuma binciko sunan mahaifin Sirajo da laƙabinsa. Ba zai ɓoye ba, Shaiɗan ya kawo masa shawara cikakkiya, har da irin ganyen da za a zana. Ya kwana biyu yana juya ta. Ya bar ta, saboda ya ga fuskar yarinyar da aka yi wa haka, ita kuwa waccan ba ta yi wa kowa komai ba. Maimakon haka ya sassaƙa wata kujera daga ragowar kiryar, da hannu, da gizagon mahaifinsa, daidai mazaunin Mushe Sirajo, wanda ya auna da ido ranar 25 ga Satumba. Da farko sunan kansa ya so sa wa, sai Ɗela ta tambaye shi ko yana so Sirajo ya zauna a kansa ke nan. Don haka kalma biyu ya rubuta, a juye: NI NE. Ya ɓata katako biyu kafin harafin farko ya juyu daidai. Yana roƙon a umarci Mushe Sirajo ya zauna a kanta, bayan an kwara mata ruwan zafi, rubu'in awa, safe da yamma, kwana goma sha biyu. Ba a nemi arba'in ba. Abin da ya ba da kawai za a mayar masa. Ba a kuma nemi kowa ya karanta ba. Ya ishi mai ƙorafi ya san rubutun yana nan, kuma mai shi yana tafe da shi. In doka ba ta tanadi irin wannan hukunci ba, kujerar za ta jira. Kirya ce, ba ta ruɓewa.

Abubuwan da ke tare da wannan takarda: kujerar wankan jego, a cikin buhu, da roƙon kada wani ma'aikaci ya zauna a kai ko da wasa; faifan yumɓu mai ɗauke da shatinta; kwafin takardar katako; da sartifikar mai ƙorafi ta kwana goma sha biyu, wadda ya ciro daga bango da hannunsa. Ba ya bukatar a dawo masa da ita.

Ranka ya daɗe, an ce a rubuta «mai ƙorafi», an kuwa rubuta tun daga sama. Amma 'yata ce. Ni na yi dariyar, ni na yi ƙaryar, ni na sa hannu, ita ce ke zaune a ɗaki da jariri tana sauraren ƙarar kowane babur. A kira ni maƙaryaci a kasuwar Kwaya da ta Guci da ta Magariya, da lasifika in ana so. Ranar 19 dai a zo a ɗauke ta.

Allah ya ja zamaninka, ya kiyaye sunanka daga duk inda bai dace ba. Ka huta lafiya.

Mai biyayya gare ka, wanda a wannan karon ya karanta sau uku, da tabarau, kafin ya sa hannu,

Mutari Dikko
Masassaƙi, Kwaya